Tambayoyin yarinyata sun fara fin ƙarfina, ku kawo ɗauki

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da yarinya 'yar shekara shida, bakinta ba ya hutawa da tambaya. Jiya da dare muna cikin mota ta ce, "Mama, me ya sa wata yake bin mu? Duk inda muka yi yana nan a taga." Kafin in haɗa amsa ta ƙaro wata, wai wa ya ce awa ɗaya minti sittin ce, me ya hana ta zama ɗari. Da safe ina yanka albasa, wai me albasa ta yi min nake kuka. Ga ta sama kuma, me ya sa take shuɗiya ba koriya ba. Ni dai abin da nake yawan cewa shi ne "haka Allah ya yi" ko "in kin girma za ki sani", amma na ga alama ta daina gamsuwa. Iyaye da malaman gidan nan, yaya kuke yi? Kuna ba su ainihin amsa ne ko kuna kawar da zancen? Wanda ya san amsoshin nan ya taimaka ya faɗa yadda yaro zai gane.

Abban_Sadik:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham ki gode Allah taki a kan wata ta tsaya. Nawa cewa ya yi, idan aka kunna fitila ina duhun yake tafiya? Na ce ya shige ƙarƙashin gado. Yaro ya ɗauko tocila ya leƙa, ya dawo ya ce can ma ya gudu. Har yau ana bi na bashin amsa.

Uwar_Biyu:
Ni hanyata ɗaya ce: "Ku je ku tambayi babanku." Shi kuma ya ce su tambayi malaminsu. Malamin ne dai ban san wurin wa yake tura su ba.

Malam_Fizis:
Hajiya Maman Ilham, bari in ɗauki ta wata. Nisa ne ya jawo haka. Abin da ke bakin hanya, bishiya ko turken wuta, da motar ta ɗan matsa ya koma baya. Dutsen da ke can nesa kuwa sai ki daɗe kina tafiya yana nan gefenki. Wata yana da nisan kimanin kilomita 384,400 daga duniya, don haka ko kun yi tafiyar kilomita ashirin, wajen da kuke hango shi bai sauya yadda ido zai lura ba. Ƙwaƙwalwa ta ga komai yana wucewa baya ban da shi, sai ta ɗauka tare kuke tafiya.

Ga abin da za ki sa ta yi. Ta miƙa hannu ta ɗaga babban yatsa, ta rufe ido ɗaya ta duba, sannan ta sauya ido. Za ta ga yatsan yana tsalle hagu da dama, amma ƙofar da ke can ƙarshen ɗaki da kyar take motsi. Na kusa yana tsalle, na nesa yana zaune. Sannan idan kun sake shiga mota, ki ce ta lura lokacin da direba ya sha kwana. Watan zai bar tagarta ya koma wata tagar ko ya koma bayanku. Da bin ku yake yi, ai da ya sha kwanar tare da ku.

Gwaggo_Asabe:
'Ya'yan yanzu dai kun ga gata. Mu da muka taso, yaro ya cika tambaya sai a ce ya cika surutu, a kore shi waje wasa, kuma ba mu lalace ba. "Haka Allah ya yi" ai ba ƙarya ba ce, ita ce ma gaskiyar da ta fi kowace. Ni tsorona kada a saba wa yaro da cewa komai sai an yi masa bayani kafin ya yarda. Gobe ki aike shi ya tsaya ya ce sai kin ba shi dalili.

Abu_Hafsa:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Maganarki tana kan hanya, sai dai tambaya biyu ce a nan. Akwai "wa ya yi", akwai "yaya yake aiki". Ta farko yarinyar ta riga ta san amsarta, ta biyun take nema. Kuma malaman da suka gabata ba su ga laifin neman ta ba. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basara wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, a zamaninsa masana da yawa sun ɗauka haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, shi ne ake gani. Shi kuwa ya shiga ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar huda a bango, ya ga hoton abin da ke waje ya shigo ya faɗa a ɗaya bangon a kife. Ya rubuta Kitabul Manazir yana nuna cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Tambayar da ya bi ai irin ta yara ce: yaya ake gani?

Gwaggo_Asabe:
To Abu Hafsa, shi wannan malami ne da ya girma ya yi karatu. Ni 'yar shekara shida nake magana.

Mai_Girki:
Ku bar min ta albasa, wannan fagena ne. Warinta ne ke shiga hanci ya sa hawaye. Ki saka cokali a baki lokacin da kike yanka, ba za ki yi kuka ba. An daɗe ana yi.

Yar_Kimiyya:
Anti Mai Girki, ki yi haƙuri zan ɗan gyara. Ta ido abin ke shiga, ba ta hanci ba, shi ya sa wanda ya sa tabaran ninƙaya zai yanka buhu guda ba ɗigon hawaye. Albasa tana tsotsar farar wuta daga ƙasa ta ajiye a jikinta. A cikin ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka yi ta, akwai sinadarai da ke zaune a rarrabe, kowa da wurinsa. Wuƙa na ratsawa sai ta fasa ɗakunan, su gauraya, su haifar da wata iska mai yaji da ke tashi sama. Da ta taɓa ido, jijiyoyin ido su kai ƙara, sai hawaye ya zubo don ya wanke ta. Masu bincike a Japan ne suka gano sinadarin da ke haɗa wannan iskar a shekarar 2002.

Ga yarinya kuwa, ki ce mata albasa ba ta da ƙafar gudu, to wannan ce hanyarta ta korar dabba ko ƙwaron da ya zo cinta. Abin da ke rage shi: wuƙa mai kaifi, domin ba ta dagargaza ɗakunan da yawa, da sanya albasar a firij kafin a yanka, da tsayawa inda iska ke wucewa.

Mai_Girki:
To ni dai cokalina yana yi min aiki. Ƙila imani ne.

Dan_Auta99:
Tunda an shigo kicin, ƙanena ya tambaye ni me ya sa barkono yake da zafi alhali ko daga firij aka ɗauko shi. Kuma me ya sa ruwa ba ya kashe zafin?

Yar_Kimiyya:
Dan Auta, ƙanenka ya yi tambaya mai kyau ƙwarai. A harshe da fata akwai wasu 'yan ƙofofi a kan jijiyoyi da aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa abu ya yi zafi, suna buɗewa ne idan zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salsiyas. Sinadarin da ke cikin barkono, kafsaisin, yana buɗe waɗannan ƙofofin ba tare da wani zafi ba. Ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar bambancewa, sai ta ce wuta, ta sa gumi da hawaye da majina. Wani masani Ba'amurke, David Julius, shi da abokan aikinsa suka gano ƙofar a 1997, kuma yana cikin mutum biyun da aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021. Na'ana'a ma haka take yi, amma ita ƙofar sanyi take buɗewa, shi ya sa baki ke yin sanyi bayan man goge haƙori.

Ruwa kuwa, kafsaisin ba ya narkewa a cikinsa, a cikin maiƙo yake narkewa. Ka sha ruwa sai ka ƙara baza shi a baki. Madara ta fi.

Wani abin da yara ke so su ji: tsuntsaye ba sa jin zafin barkono ko kaɗan. Su ci, su tashi, su kasayar da irin a wani wuri ya tsiro.

Dan_Tarihi:
Ƙarin bayani a kan barkono, wanda ko manya yana ba su mamaki. Kafin tafiyar da Baturen nan matuƙin jirgin ruwa, Kolumbus, ya yi zuwa nahiyar Amurka a 1492, babu barkono a Afirka, babu a Asiya, babu a Turai. Mutanen Meziko da Amurka ta Kudu ne suka shafe dubban shekaru suna nomansa, sai 'yan kasuwar Fotugal suka yaɗa shi ta jiragen ruwa a ƙarni na 16. Haka tumatir, masara, rogo, gyaɗa, dankalin turawa, koko, abarba da gwanda, duk daga can suka tsallako. Italiyawan da aka sani da miyar tumatir, kakanninsu na zamanin Rumawa ba su taɓa ganin tumatir ba. A ɗaya ɓangaren kuma alkama da rake da kofi su ne suka tsallaka zuwa can.

Mai_Shakka:
Haba Dan Tarihi. Indiyawa fa? Kana nufin duk yajin nan nasu na aro ne?

Dan_Tarihi:
Suna da nasu tun fil azal, baƙin yajin nan mai ƙananan ƙwayoyi da citta da sauransu, shi ne ma abin da Turawa suka fita nema ta teku. Amma barkono ja mai zafin nan baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake baƙo a ko'ina wajen nahiyar Amurka.

Baban_Yara3:
Mu koma kan tambayoyin baiwar Allah. Ta sama mai sauƙi ce. Teku ne shuɗi, sama kuma tana ɗaukar hotonsa. Haka aka faɗa mana muna yara.

Malam_Fizis:
Baban Yara, ashe kai ma an ba ka wannan. In haka ne, ai da saman tsakiyar hamada ruwan ƙasa ce. Ga yadda yake. Hasken rana da muke gani fari, launuka ne a haɗe. Isaac Newton ya nuna haka wajen 1666 da ya ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya fito a rarrabe daga ja har zuwa shunayya, launukan bakan gizo ke nan. Idan hasken ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniya, ƙwayoyin iskar suna watsa shuɗi ta ko'ina fiye da yadda suke watsa ja, sau da yawa. To duk inda kika ɗaga kai, shuɗin da aka watsa ne ke shigo miki ido. Lord Rayleigh na Ingila ne ya yi lissafin wannan a 1871.

Da almuru rana ta yi ƙasa, haskenta sai ya ratsa iska mai yawa kafin ya iso gare mu, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan lemo su rage. A duniyar wata kuwa babu iska, shi ya sa a hotunan da 'yan sama jannati suka ɗauko a 1969 sama baƙa ce ƙirin alhali rana tana haska ƙasa.

Gwaji a gida: kofin gilashi cike da ruwa, ɗigon madara kaɗan, a kashe wuta a haska tocila mai farin haske ta gefe. Daga gefe ruwan zai yi ɗan shuɗi-shuɗi, in aka leƙa ta ƙarshen da hasken ke fita zai yi ɗan ja-ja. Kada madarar ta yi yawa, in ta yi yawa fari kawai za a gani.

Mai_Shakka:
Malam, a jerin da ka kawo shunayya ce a ƙarshe, bayan shuɗi. Ke nan ita ya kamata ta fi watsuwa. Me ya sa sama ba ta zama shunayya ba?

Malam_Fizis:
Mai Shakka, sunanka ya bi ka, amma ka kama wuri mai kyau. Ta fi watsuwa, gaskiya ne. Sai dai tun daga rana ba ta kai shuɗi yawa ba, kuma idon ɗan Adam ya fi kama shuɗi a kanta. Da aka haɗa duka, shuɗi mai haske muke gani.

Abban Sadik, ban manta da kai ba. Ka ce wa Sadik duhu ba abu ba ne da zai tafi wani wuri. Haske ne abu, yana fitowa daga fitila ya bugi kaya ya shigo ido. Inda bai kai ba shi muke kira duhu. Ka tambaye shi, in ana shiru a ɗaki ya yi tafi, ina shirun ya tafi?

Abban_Sadik:
Malam ba ka san Sadik ba. Cewa zai yi ƙarƙashin gado.

Anti_Nas:
Ni roƙona ɗaya ga iyaye. In ba za a ba da amsa ba, a ce "bari mu bincika", amma don Allah a daina ƙirƙirar ta tsoratarwa. An taɓa kawo mana yaro yana kuka kamar ransa zai fita, yana riƙe da ciki. Ashe ƙwallon lemo ya haɗiye, yayarsa ta ce bishiya za ta tsiro ta fito masa ta kunne. Ba abin da ke damunsa sai tsoro. Na zaunar da shi na ce iri yana buƙatar ƙasa da iska da lokaci, ciki kuwa ruwan tsami ne mai ƙarfi a cikinsa, kuma kafin jibi ƙwallon ya bi bayan gida ya fita. Sai ya share hawaye ya ce, to in ya fita zai tsiro a can? Aka yi ta dariya.

Wata da suke yawan yi min ita ce me ya sa cizon sauro ke ƙaiƙayi. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, tana neman jini don ƙwanta ya ƙosa, namijin ruwan fure yake sha. In ta soka bakinta takan zuba yawunta don kada jinin ya daskare, jiki kuma ya ga baƙon abu ya tayar masa, shi ne kumburin da ƙaiƙayin.

Uwar_Biyu:
Anti Nas, zuma fa? Tagwayena sun ce me ya sa ba a sa ta a firij kuma ba ta lalacewa.

Anti_Nas:
Ruwan cikinta kaɗan ne, bai kai kashi 20 cikin 100 ba, sauran kusan duk sukari ne, ga ta da ɗan tsami. Ƙwayar cuta in ta faɗa ciki, zumar ce ke tsotse mata ruwan jiki. Shi ya sa ake so a rufe ta da kyau kuma kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali. Amma tunda kin tayar da zancen: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗan lasa. Takan ɗauko irin wata ƙwayar cuta da ke kwance ba ta mutu ba, hanjin babba yana iya da ita, na jariri bai kai ba.

Dan_Tarihi:
Saura ta minti sittin. Wannan gadon mutanen Babila ne, a ƙasar da take Iraƙi a yau. Mu goma-goma muke ƙirga, su a lissafinsu sittin-sittin suke yi, tun fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Masana taurari na Girka suka ɗauka daga gare su, na ƙasashen Musulmi suka ɗauka daga Girkawa, har ya iso kan agogo. Daɗin sittin shi ne rabuwa. Tana rabuwa biyu, uku, huɗu, biyar, shida, goma, goma sha biyu, goma sha biyar, ashirin da talatin ba tare da saura ba. Ɗari kuwa ko uku ba ta rabuwa. Ki ba Ilham duwatsu ko wake sittin ta raba wa mutum uku, sannan huɗu, sannan shida, sai ki ba ta ɗari ta gwada uku.

Kuma ki faɗa mata ba ita ta fara wannan tunanin ba. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1793, gwamnati ta kafa dokar cewa yini awa goma ne, kowace awa minti ɗari, kowane minti sakan ɗari. Har agogo aka ƙera a haka. Mutane suka ƙi karɓa, a 1795 aka janye tilascin.

Injiniya_B:
Duk wannan wahalar ta mene ne? Ku miƙa wa yaro waya ya tambayi intanet. Ai zamanin ya wuce da sai uba ya san komai.

Malama_Firamare:
Injiniya, a aji nake wuni da 'yan shekara shida zuwa takwas, kuma ban yarda ba. Yaron da ya zo da tambaya rabin abin da yake nema amsa ce, rabin kuma ya ga babba ya tsaya ya saurare shi. Ka miƙa masa waya, minti biyu ya koma kallon katun. Ni abin da nake yi, in yaro ya tambaya sai in ce, "Kai me kake gani?" Za ka sha mamaki. Wata ta taɓa ce min ruwan sama daga teku yake zuwa amma an tace gishirin a hanya. Ai ta kusa. Sai na ɗora daga inda ta tsaya: rana ce ke ɗaga ruwan ya zama tururi, gishirin ba ya iya tashi. Muka zuba ruwan gishiri a faranti muka ajiye a rana, da ya bushe suka zo suna lasar farin da ya rage. Wannan ajin ba wanda zai manta.

Abban_Sadik:
Malama, da girmamawa, wannan "kai me kake gani" a makaranta take aiki. A gida in na yi wa nawa, cewa yake "Abba ba ka sani ba ke nan." Wani lokacin yaro amsa yake so kai tsaye, ba jarrabawa ba.

Gwaggo_Asabe:
Yauwa Abban Sadik, ka ga abin da nake faɗa. Tun yanzu yana auna ilimin ubansa.

Abu_Hafsa:
Gwaggo, ai gara ya ji "ban sani ba, zo mu nema" daga bakin ubansa, ya koyi cewa faɗin haka ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

Hauwa_Kulu:
Ni tawa tsoron tsawa take, har ta shige bayan kujera. Da na koya mata ƙirge sai abin ya zama wasa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sauti kuwa mita 340 da ɗoriya kawai. Kamar dai ka hango mai faskare daga nesa, ka ga gatari ya sauka, sai daga baya ka ji "ƙwas". To da ta ga walƙiya sai ta fara ƙirga sakan har ta ji ƙarar, kowane sakan uku kilomita ɗaya ke nan. Yanzu ita ke sanar da mu, "Mama, wannan kilomita huɗu ne, ya yi nisa."

Malam_Fizis:
Madalla Hauwa Kulu. Ƙarar kanta daga iska take. Walƙiya tana dafa iskar da ta ratsa zuwa wajen digiri 30,000, wato ninki biyar na zafin fuskar rana, iskar ta buɗe da ƙarfi farat ɗaya, shi ne rugugin. Amma ƙirgen a cikin ɗaki za a yi shi. Muddin ana jin tsawa, yaro ya bar fili, ya bar gindin bishiya, ya fito daga ruwa.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Mun yi gwajin yatsa, ta yi ta dariya tana sauya ido. Na albasa ma ta karɓa, har tana ba albasa haƙuri. Sai dai kamar na tono rijiya ne, domin yanzu tambayar ta ninku. Wai in wata ba ya bin mu, to wa yake gutsure shi har ya koma siriri? Kuma ta gan shi da rana tsaka, wai me ya hana shi barci. Gwaggo, na fara fahimtar dalilin da ya sa ake kora ku waje.

Gwaggo_Asabe:
Ai na faɗa miki 'yata. Ki shirya, yanzu aka fara.

Baban_Yara3:
Wannan kam na sani. Inuwar duniya ce ke rufe shi kaɗan-kaɗan.

Malam_Fizis:
Baban Yara, yau dai ni da kai ne. Inuwar duniya in ta faɗa kan wata, husufi ke nan, kuma ba ya faruwa sai daren da wata ya cika. Raguwa da ƙaruwar da muke gani kullum daban ce. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma a kowane lokaci rabinsa da ke fuskantar rana a haske yake, ɗaya rabin a duhu. Yayin da yake zagaya duniya, mu ne muke hango rabin mai hasken ta kusurwa daban-daban, wani dare duka, wani dare gefe kaɗan. Daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne.

Maman Ilham, ki samo lemo ki soke shi a fensir. A kashe wuta, a ajiye fitila ɗaya a gefen ɗaki, ita ce rana. Ilham ta riƙe lemon a gabanta, ɗan sama da kanta, ta riƙa juyawa a hankali a inda take tsaye. Kanta shi ne duniya. Za ta ga hasken kan lemon yana ƙaruwa har ya cika, sannan ya ragu. In ta sauke shi inuwar kanta ta rufe shi, ta yi husufi da hannunta. Ganinsa da rana kuwa ba wani abu ba ne, kusan rabin lokacin da yake sama da rana ne, hasken sama ne ke sa ba mu lura.

Mai_Shakka:
Malama Firamare, na koma kan farantinki. An ce koguna ne ke kai wa teku gishiri. To me ya sa ruwan kogi ba shi da gishiri?

Malama_Firamare:
Yana da shi, ɗan kaɗan ne da harshe ba ya ji. Ruwan sama yana narkar da ma'adinai daga duwatsu, kogi ya kwashe ya kai teku. Kogi wucewa yake yi, teku kuwa nan ne ƙarshen tafiya: ruwa ya tashi tururi, gishiri ya zauna, shekaru miliyoyi ana haka. Yanzu kowace lita ta ruwan teku tana da kimanin giram 35. Mataccen Teku da ke gefen Jodan ya ninka haka kusan sau goma, har mutum ba ya nutsewa. Ka gwada da ɗanyen ƙwai a kofi, a ruwan famfo zai nutse, ka yi ta zuba gishiri kana juyawa har ya taso.

Injiniya_B:
Duk abin da kuka rubuta nan fa da waya kuka rubuta shi, kuma da waya Maman Ilham ta karanta.

Malama_Firamare:
Ita ta karanta, Injiniya, sannan ta ajiye wayar ta kira 'yarta.

Uwar_Biyu:
Ku tsaya tukuna, tagwaye sun dawo daga makaranta da sabuwa. Hassan ya ce ruwa ne a cikin tozon raƙumi, Usaina ta ce abinci ne, har sun fara dambe. Babansu ba ya nan. Wa ke kusa?

Yar_Kimiyya:
Kitse ne, Uwar Biyu. In raƙumi ya daɗe bai ci ba tozon har lanƙwashewa yake yi ya kwanta gefe. Ki ce Usaina ta fi kusa, amma ki faɗa a hankali kada damben ya sake tashi.